Hoton baƙi-da-fari da dare cikin hazon Birnin Kebbi: me ya sa nawa ke fitowa toka-toka?

Wani matashi daga unguwar Badariya a Birnin Kebbi ya aiko da hotuna huɗu da wannan tambaya: "Malam, ina ganin hotunan baƙi-da-fari na titunan Turai da dare cikin hazo, fitilu sun yi kewaye da haske, mutum ya fito kamar inuwa. Da hazo ya sauko mana bana sai na fita da wayata na gwada. Duk sun fito toka-toka, wani ma da fararen ɗige-ɗige, hazon kuma ba a ganinsa. Wayar ce ba ta iyawa, sai na sayi kyamara? Ko hazonmu ne bai yi ba?"

Ƙanena, ajiye kuɗinka tukuna. Na duba hotunan da kyau. A uku daga cikinsu matsalar ɗaya ce, kuma ba ta shafi waya ba: ka juya wa fitila baya. Ka tsaya ƙarƙashin fitilar titi, haskenta na bisa kanka ko bayanka, ka nufi duhu. A na huɗun kuwa ka kunna filasha. Da zan miƙa maka kyamarar da nake aikin biki da ita, ka tsaya a daidai wuraren nan, abin da za ka samo ke nan, sai dai ya ɗan fi tsabta.

Hazo ba shi da hasken kansa. Ka tuna ɗaki da safe ana shara, rana ta leƙo ta hudar taga. Ƙura ta cika ɗakin ko'ina, amma ba ka ganinta sai a cikin wannan siririn hasken, kuma ta fi fitowa idan ka fuskanci tagar. Dalili shi ne ƙwayoyin ƙura da na ruwa suna watsa mafi yawan hasken da ya buge su zuwa gaba, can inda hasken ya dosa, kaɗan ne ke dawowa baya. Idan fitila na bayanka, hasken da hazo ya watsa tafiya yake yana barinka. Idan tana gabanka, cikin idon kyamararka yake zubowa. Saboda haka duk wanda ya fita ɗaukar hazo da dare, fitila zai fara nema, ya zagaya har ta koma gabansa, sannan ya jira abin da zai gitta tsakaninsa da ita. Wannan abin da ya gitta shi ne inuwar da ta burge ka a hotunan can.

Filasha kuwa kashe ta za ka yi ka manta da ita. Tana manne da idon wayar, don haka ƙurar da ke tazarar yatsa daga gilashin ita ke fara shan hasken, ta fito fara fat, ga ta kusa ƙwarai ba ta cikin saiti, sai ta zama waɗannan ɗige-ɗigen. Can nesa inda kake so kuma hasken filashar bai kai ba.

Da ka fuskanci fitila za ka haɗu da wata matsalar: ƙwan fitilar ya fi komai haske nesa ba kusa ba, zai ƙone a hoton, ya wanke abin da ke kewaye da shi. Maganin wannan tsoho ne. Akwai wani mai hoto da ake kira Brassaï, wanda ya koma Paris a 1924, ya yi suna da hotunan daren birnin a farkon shekarun 1930, da yawansu cikin hazo. Yakan ɗora kyamararsa a kan ƙafa uku, ya bar ta a buɗe lokaci mai tsawo, kuma an san shi da ɓoye fitilar titi bayan bishiya ko kusurwar gini, ta yadda haskenta zai cika iska ba tare da ƙwan ya bayyana ba. Mu Allah ya hore mana dogon yaro a kusan kowane titi. Matsa taku ɗaya hagu ko dama har kututturen ya rufe ƙwan, ka ga yadda haske zai fito ta tsakanin rassa tsinke-tsinke. Falwaya ma tana yi, da allon shago, da rufin keke napep, da kan mutum mai rawani. Taku ɗaya ɗin nan ya fi duk wani saiti da zan faɗa maka a ƙasa tasiri.

Sai ƙarshen tambayarka, ko hazonmu ne bai yi ba. Ya yi, amma ba irin nasu ba ne, kuma wanda bai gane bambancin ba zai daɗe yana zargin kayan aikinsa.

Wanda kake gani a hotunan Landan da Paris ruwa ne, tururi da ya sha sanyi ya koma ƙananan ɗigo yana shawagi. Yakan yi kaurin da mutum zai ɓace maka a taku hamsin. Namu, wanda wasu ke ce wa buda, ƙura ce. Iskar arewa maso gabas ke ɗebo ta daga Sahara, babban kaso daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda a da can ƙasan wani ƙaton tafki ne da ya ƙafe. Iska na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta share wurin, ta taso da wani farin gari mai laushi. Kafin ya iso Kebbi masu nauyin sun zube a hanya, saura mai laushin ya baje a sararin sama gaba ɗaya. Shi ya sa ko a ranar da hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta yi gargaɗin cewa gani zai yi ƙasa da mita 1,000, idan ka dubi bangon da ke gabanka tas za ka gan shi. Hazonmu da nisa yake taruwa. A mita goma kusan babu shi, a mita ɗari ya fara, a mita ɗari uku ya zama labule.

To ka ga inda wayarka ta ci amanarka ba da laifinta ba. Babban idon waya mai faɗi ne, yawanci daidai da lensi mai milimita 24 zuwa 26. Irin wannan yana girmama abin da ke kusa, inda babu hazo, ya mayar da na nesa, inda hazon yake, ɗan mitsitsi a tsakiyar hoto. Abin da kake bukata shi ne ido mai jawo nesa. A waya danna 2x ko 3x. Ka sani dai wasu wayoyin idan duhu ya yi yawa sukan koma babban idon su yanko tsakiyar hoton kawai, to sai ka lura da ingancin abin da ya fito. A kyamara milimita 50 ce mafi ƙaranci, 85 ta fi, 135 kuma takan tara fitilu su hau juna kamar an jera su a faranti. Sannan ka nemi titi mai tsawo miƙaƙƙe. A daren da fitilun titin Ahmadu Bello ke ci, tsaya a gefen hanya ka dube shi a tsawonsa: falwayar farko baƙa wuluk, ta biyu ta ɗan dusashe, ta biyar toka-toka, ta goma ta narke cikin haske. Wannan dusashewar hawa-hawa ita ido ke karantawa a matsayin hazo. Idan babu baƙin abu a kusa da za a gwada na nesa da shi, hoton zai zama toka daga sama har ƙasa, kamar yadda naka suka yi. Kullum ka sa wani abu mai duhu a gaba: baro, babur a ajiye, reshe, ko mutum.

Bambanci na biyu yana ƙasa, ƙarƙashin ƙafarka. Titunansu a jiƙe suke, kowace fitila tana da 'yar'uwarta a kan kwalta, don haka rabin hoton na ƙasa cike yake da ƙyalli. Namu busassun ne, yashi kuma shanye haske yake yi. Idan ka ba ƙasa rabin hoto, ka ba duhun banza rabin hoto. Ko dai ka rage ta, ka ɗaga kyamara ka ba sama da rassa wuri, ko ka durƙusa sosai har kyamarar ta kusa taɓa kwalta, domin kwaltar da taya ta goge tana ƙyalli idan aka dube ta a kwance tana fuskantar fitila. Akwai kuma inda ruwa ke zuba ko da rani: wurin wankin mota, bakin famfo, gaban masallaci inda ake alwala. Ni dai na fi son in nemi ƙyallin a abubuwanmu, tankin babur, butar ƙarfe, kwanon rufi, kofin gilashi, da farar jallabiya wadda ke kama haske ko daga nesa.

Amma abin da muke da shi wanda su ba su da shi, kuma shi ne ya sa har yau nake fita kowane hunturu, shi ne ƙura da hayaƙin da garin ke tayarwa da kansa. Da dare ƙasa na hucewa da sauri saboda iska a bushe take, iska mai sanyi ta kwanta ƙasa-ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta ta danne. Duk abin da ya tashi daga ƙasa ba ya samun hanyar hayewa, sai ya tsaya daidai tsayin mutum ko rufin shago ya shimfiɗe. Hayaƙin mai tsire, na mai ƙosai, na itacen da almajirai suka hura suna jin ɗumi, da ƙurar da ɗan kabu-kabu ya tayar a layin da babu kwalta. Wannan yana da kauri a kusa, ga shi yana motsi, yana da siffa. Tsaya a layin ƙasa, ka bari babur ɗaya ya wuce ya tayar da ƙura, ka jira na biyu ya taho daga nesa. Fitilar na biyun za ta haske ƙurar na farkon daga baya, duk wanda ke tafe tsakaninku kuma zai fito baƙi, gefen jikinsa na ƙyalli, inuwarsa ta miƙo har ƙafarka. Daƙiƙa biyu ko uku abin ke yi. Ka shirya saitinka tun kafin ya zo.

Hoton da na fi so cikin duk na hunturu da na ɗauka, a teburin wani mai shayi ne kusa da tashar mota. Dare uku na yi ina zuwa ina shan shayi ban fito da kyamara ba, har muka saba, ya san aikina, ya ce in ɗauka. Fitilarsa ɗaya ce, ƙwai mai caji rataye a ƙusa jikin katakon rumfa. Daga inda masu saye ke zama, wato gaban teburin, babu abin gani: gwangwanayen madara da ya jera hawa-hawa, burodi a leda, kiret ɗin ƙwai, komai a fili kamar hoton talla. Sai na zagaya gefe na tsuguna ƙarshen benci, har butar ta rufe mini ƙwan fitilar. Nan take wurin ya canza. Da ya ɗaga moɗa yana juye shayi daga sama zuwa ɗayar don ya huce, zaren shayin ya yi fari kamar azurfa, tururi ya tashi ya cika da haske, hannunsa baƙi a tsakiya. Bayansa mutum uku a kan benci sun ƙudundune cikin mayafi, na farko ana ganin hancinsa da gefen hularsa, na biyu siffa kawai, na ukun ya kusa narkewa cikin hayaƙin mai tsiren da ke gaba. Lensi mai milimita 50 ce, a f/2, ƙiftawa 1/125, ISO 3200, lambobin da zan bayyana maka a ƙasa. Na ɗauki fiye da talatin, ɗaya ne hannu da tururi da fuskar mutumin farko suka zo daidai.

Ka lura da mutum ukun nan, akwai lissafi a ciki da zai yi maka amfani. Haske na raguwa da nisa fiye da yadda ido ke zato. Wanda ke mita biyu daga fitila, idan ya koma mita huɗu, rubu'in hasken ne zai same shi, a mita takwas kuma kashi ɗaya cikin 16. Don haka idan kana son a ga fuska, jira mutum ya matso kusa da fitilar. Taku biyu ne tsakanin fuska da inuwa.

Lokaci kuwa, asuba ta fi. Kebbi na can yammacin ƙasa, don haka a watannin Disamba da Janairu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 7. Ana idar da sallar asuba a fito da sauran duhu, iska a kwance, masu ƙosai da koko suna hura wuta, mutane sanye da fararen kaya da bargo suna tafe ɗaya-ɗaya, ba cunkoso. Daga nan zuwa lokacin da gabas za ta fara fari kana da kamar rabin awa, kuma mafi daɗi shi ne 'yan mintocin da sama ta daina zama baƙa amma fitilu ba su mutu ba, domin a lokacin ne hasumiyar masallaci da rufin gidaje ke rabuwa da sararin sama. Bayan magariba ma akwai irin wannan, ƙura ta fi yawa don kowa na komawa gida, sai dai a ƙasarmu duhu na rufewa da sauri, kafin ka fito daga masallaci ya kusa ƙarewa. Daren farin wata, daga 12 zuwa 16 ga wata, yana yin wannan aikin na raba gini da sama tsawon dare. Kuma idan aka ɗauke wuta kada ka koma gida. Fitila ɗaya a cikin duhu ta fi goma sauƙin sarrafawa.

Idan hazon ruwa na gaske kake so, akan same shi, amma sai ka gangara fadama, wajen Dukku, ko bakin Matan Fada a Argungu, ko bakin kogi a Yawuri, da sassafe daga ƙarshen damina zuwa farkon sanyi, lokacin da ƙasa ke da sauran danshi. Kwanciya yake a kan ruwa da gonakin shinkafa, kuma rana na ɗagowa yake watsewa.

Yanzu saiti. Kyamara, ta waya ko babba, ba ta san dare ya yi ba. Ma'aunin haskenta an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani matsakaici, tsakanin baƙi da fari. Da ta ga duhu sai ta ɗauka kuskure ne, ta yi ta ƙara haske har dare ya koma toka. Kai za ka hana ta. A waya, taɓa allon a kan hasken da ke kewaye da fitila, ka danne har saitin ya kulle, sannan ka ja alamar ranar nan ƙasa har baƙi ya zama baƙi kamar yadda idonka ke ganinsa. A kyamara rage ma'aunin zuwa -1, wani lokaci har -2. Ƙwan fitilar kansa idan ya bayyana zai ƙone, ba komai. Abin da kake karewa shi ne kewayen hasken da ke zagaye da shi, domin abin da ya ƙone fari fat babu manhajar da za ta dawo da shi.

Tsarin da aka rubuta Night a kansa, wanda na ga alamar ka yi amfani da shi, yana ɗaukar hotuna da yawa cikin 'yan daƙiƙu ya haɗe su, ya buɗe duhu, ya goge laushin iska don komai ya fito sarai. Yana da kyau ga wanda ke son ganin abin da ke cikin duhu. Kai kuwa duhun da laushin kake nema, don haka aikinsa kishiyar naka ne. Shiga wanda aka rubuta Pro idan wayarka na da shi, ka riƙe ragamar da kanka.

A kyamara abubuwa uku ne a hannunka. Ƙofar hasken lensi, wadda ake rubuta lambarta da f, buɗe ta sosai, f/1.8 ko f/2, idan da hannu kake riƙe da kyamara. Saurin ƙiftawa, wanda masu hoto ke ce wa shata: 1/125 na tsayar da mai tafiya a ƙasa, babur yana son 1/250 ko fiye, 1/30 kuma na barin ƙafa da gefen riga su ɗan ja, abin da sau da yawa ke ƙara wa hoton hazo kyau. Sai ISO, wato ƙarfin da kyamara ke ƙara wa hasken da ta kama, wanda za ka ɗaga har hasken ya isa, 1600, 3200, ko 6400 a kyamara. Kada ka ji tsoron tsakuwar da yake kawowa, wato ƙananan ɗige-ɗigen da ke cika hoto. A hoto mai launi takan fito ja da kore, mummuna, amma da ka cire launi sai ta koma kamar ƙwayar fim ɗin da muka fara aiki da shi. A waya dai yi ƙoƙari kada ka haura 800, domin sensarta, wato ɗan farantin da ke kama haske a cikinta, ƙarama ce, gara ka rage saurin ƙiftawa ka jingina ta da wani abu.

Ba sai ka sayi ƙafa uku ba. Cika safa da shinkafa ka ɗaure bakinta, ka ɗora a kan katanga ko kujerar babur, ka dasa wayar a kai, ka sa ta ɗauka bayan daƙiƙa biyu don kada yatsanka ya girgiza ta. Da wannan za ka iya sauko da ISO zuwa 100 ko 200, ka bar ta a buɗe daƙiƙa biyu zuwa takwas. Sai dai ka san abin da za ka samu daban ne: masu tafiya za su ɓace ko su zama gizo, fitilun babura su zama zare, hayaƙi ya rasa siffarsa ya zama shimfiɗa. Yana kyau ga titin da ba kowa. Ga mai shayi ba ya yi.

Idan ka ga ratsi-ratsi baƙi a kwance cikin hoto, ba wayar ce ta lalace ba. Wutar lantarkinmu na juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙwayayen fitila masu araha kuma suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma kyamara na kamawa. Koma 1/50 ko 1/100, yawanci ratsin zai tafi. Wutar janareta ba ta tsayawa daidai, sai ka ɗan gwada sama da ƙasa. Saitin ido kuma, wato daidaita nisan da hoto zai fito tas, kyamara na neman gefe mai kaifi ne ta kama, hazo kuwa ba shi da gefe, shi ya sa take ta kai da komo. Ɗora ta a kan falwaya ko gefen rumfa da ke daidai nisan da kake jiran mutum, ka kulle, ka jira.

Wajen gyara, ɗauki hoton da launinsa, a tsarin RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, idan akwai, ka mayar da shi baƙi-da-fari daga baya. A kyamara za ka iya sa allon ya riƙa nuna maka baƙi-da-fari alhali launin na ajiye a fayil. Amfanin haka biyu ne. JPEG, wato tsarin hoton da aka saba, matakin haske 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, RAW mai bit 12 kuwa 4,096, kuma hoton hazo gaba ɗayansa dusashewa ce a hankali daga fari zuwa baƙi, wadda ke tsagewa hawa-hawa idan matakan sun yi kaɗan. Na biyu, titunanmu cakuɗe suke da fitilu, mai ruwan ɗorawa, farar sola mai ratsin shuɗi, jan garwashi. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom kana iya ɗaga hasken kowane launi ko ka danne shi shi kaɗai bayan ka cire launin, ka ce garwashin mai tsire ya fito, allon shagon caji ya lafa. Wannan ma shi ne babban dalilin da ya sa baƙi-da-fari ya dace da darenmu: yana sulhunta fitilun da ba sa jituwa, ya kuma kawar da jan-ƙasan da ƙura ke shafa wa komai.

Maɓallin da aka rubuta Dehaze an yi shi ne don cire hazo, to kada ka ja shi dama. Idan ma za ka taɓa shi, ɗan ja shi hagu kaɗan. Haka masu ƙara kaifi irin su Clarity a Lightroom da Structure a manhajar Snapseed, suna mayar da iska mai laushi ta zama datti. Abin da nake yi kaɗan ne: in tabbatar akwai wuri ɗaya baƙi na gaske a gaba, in bar na nesa da tokarsa, in ɗan duhunta kusurwar da ke jan ido a banza, in yayyafa ƙwaya kaɗan don ta ɗinke dusashewar. Da ka ji kana son ƙara hazon da babu shi a wurin, rufe manhajar ka sake fita gobe.

Kayan aiki: goge gilashin waya kafin kowane hoto, musamman a wannan lokaci da kowa ke shafa man kaɗe ko basilin. Maiƙon yatsa yana sa fitila ta yi dogon wutsiya, wasu su ɗauka hazo ne. Fara hure ƙurar tukuna kafin ka goga, da ƙyalle mai laushi, domin gogar ƙura a bushe karce gilashi take yi. Mai kyamara kada ya canza lensi a waje, ya zaɓi ɗaya tun daga gida. Ƙurar da ta shiga ta zauna kan sensa ba a ganinta a f/2, sai ranar da ka rufe zuwa f/11 ka ga tabo a sama. Ka sa takunkumi, ka rufe ƙirjinka, kuma idan kana da asma kada ka tsaya layin ƙura jiran babura, nemi hayaƙi daga nesa da ido mai jawowa.

Akwai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina. Mutum da kyamara a duhu, a halin da ƙasarmu ke ciki, abin tsoro ne ga wanda bai san shi ba, kuma mutane na da gaskiya idan suka tsargu. Fara da unguwarku inda aka san ɗan wane ne kai. Idan za ka shiga wata, da ɗan gari akan ci gari: tafi da wanda aka sani, ku gaisa da 'yan sintiri tun da sauran haske, ka nuna musu abin da kake ɗauka. Kada ka nufi shingen jami'an tsaro, ko bariki, ko ofishin 'yan sanda, ko banki, komai kyan fitilarsu. Kada ka ɗauki mace ko ƙofar gidan mutane ba da izini ba. Almajiran da ke jin ɗumi 'ya'yan wasu ne, nemi malaminsu ka gaya masa. Inuwar da ba a gane mai ita ba ta fi sauƙi, amma da fuska ta fito, sai ka yi sallama ka tambaya, ka nuna wa mutum hotonsa a allo, idan ya ce a goge ka goge a gabansa. Mai shayin nan na wanko masa nasa na kai masa, ya manna shi a katakon rumfar, ƙasan fitilar da ta haska shi.

Ga abin da nake so ka yi a makon nan. Zaɓi fitila ɗaya kusa da gidanku, wadda ke da bishiya ko falwaya a gabanta. Je mata asuba uku a jere, ba tare da ka canza wuri ba. Ranar farko ɗauke ta daga gefe huɗu don ka ga da idonka inda hazon ke bayyana da inda yake ɓacewa. Rana ta biyu tsaya a gefen da ya fi, ka ɓoye ƙwan, ka ɗauka a 0, da -1, da -2. Ta uku kulle saitin da ya yi maka, ka jira mutane. Sai ka turo mini guda uku daga kowace rana. Idan ta WhatsApp ne, turo su a matsayin Document, domin idan ka tura su yadda aka saba manhajar na matse su, dusashewar ta tsage, in kasa gane ko daga wurinka ne ko daga hanya. Ka rubuto mini da ƙarfe nawa ka ɗauki kowanne, da sunan wayar.